MAI JUNA BIYU A ƊAKIN TIYATA: TA BAR AIKI KO TA CI GABA?

A taron ƙungiyarmu na wata a Badariya, bayan mun gama lissafin buhunan taki da na shinkafa, wata dattijuwa ta miƙe ta ce tana da magana, amma ba ta gona ba ce. Matar ɗanta nas ce, tana aiki a ɗakin tiyata a wani asibiti nan Birnin Kebbi, ga shi kuwa tana da juna biyu wata huɗu. Wannan shi ne ciki na biyu. Na fari ya zube bara. Dattijuwar ta ce, "Ni dai na ce ta ajiye aikin nan. Kullum ta dawo gida rigarta tana warin magani. Ɗana kuwa ya ce, Inna, in ta ajiye, da me za mu sayi taki? Ku gaya mini gaskiya, wane ne da hankali a cikinmu?"

Ba mu ba ta amsa a ranar ba. Amma mun ga tambayar ba tata ce ita kaɗai ba. Da yawa cikinmu sun sayar da shinkafa da awaki sun kai 'ya'yansu makarantar koyon jinya, yanzu kuwa 'ya'yan nan suna aiki a asibitocin jiharmu, wasu a Asibitin Sir Yahaya, wasu a asibitin tarayya, wasu a Argungu ko Kalgo. Albashinsu shi ne ke cike giɓi sa'ad da ambaliya ta ci fadama, kamar yadda ta yi mana a 2020. Saboda haka bari mu bi maganar a hankali.

Amsar a taƙaice ita ce: mace mai lafiya, wadda cikinta ke tafiya daidai, tana iya ci gaba da aiki a ɗakin tiyata har kusa da haihuwa. Amma akwai abubuwa a ɗakin nan da ya kamata ta sani, ta kuma yi nesa da su. Wasu abin tsoro ne ƙwarai, wasu kuwa tsoron da a ke yi musu ya fi su girma.

Iskar sa barci

Warin da dattijuwar nan ta ji ba ƙarya ba ne. Idan za a yi wa mutum babban aiki, a kan sa shi barci da wata iska da ya ke shaƙa. An fara nuna wannan a fili a birnin Boston na Amurka a 1846, da wani magani mai suna ita. Daga baya aka sami halotan a Ingila, aka fara aiki da shi a 1956, shi ne kuma ya daɗe a asibitocin ƙasarmu. Bayansa aka sami isofuluran. Akwai kuma wata da a ke haɗa su da ita, wadda a ke kira iskar dariya. Abin lura shi ne, ba dukan iskar ce ke tsayawa a jikin marar lafiya ba. Wata tana zurara ta gefen abin rufe hanci, wata ta wurin tiyo mai huji, mafi yawa kuma marar lafiya ne ke fitar da ita da numfashinsa. In ba a yi mata hanyar fita ba, sai ta taru a ɗakin, masu aiki su yi ta shaƙa daga safe har yamma.

A 1967 wani likita a Tarayyar Sobiyet mai suna Vaisman ya tambayi masu sa barci na ƙasarsu game da lafiyarsu. Cikin juna biyu 31 da matan suka ambata, 18 sun zube. Labarin ya girgiza likitoci ko'ina. Daga baya masana sun ga cewa irin wannan ƙidaya ta tambaya tana da rauni, gama wadda ta yi ɓari ta fi saurin amsawa, ga kuma gajiya da aikin dare da suka haɗu a ciki. Duk da haka ba a yi watsi da maganar ba. A 1977 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara kada halotan da 'yan'uwansa su wuce kashi 2 cikin miliyan a iskar ɗaki, iskar dariya kuma kada ta wuce kashi 25 cikin miliyan. Sa'an nan a 1992 da 1995 aka buga sakamakon binciken da aka yi a kan mata masu taimakon likitocin haƙori a Kalifoniya. Waɗanda ke aiki da iskar dariya a ɗakin da ba shi da na'urar zuƙe ta sun fi wahalar samun ciki, sun kuma fi yin ɓari. Waɗanda ɗakinsu ke da na'urar kuwa ba a ga wannan a wurinsu ba.

To, ga inda maganar ta tsaya ke nan. Abin tambaya shi ne ko iskar tana da hanyar fita. A manyan asibitoci akwai na'ura mai zuƙe ta. Inda babu, dabara mai araha tana aiki: a haɗa tiyo mai faɗi daga bakin injin sa barci a fitar da shi ta bango zuwa waje, nesa da taga. Akwai kuma gwangwanin gawayi na musamman da ke kama halotan da isofuluran, amma ba ya kama iskar dariya, kuma in ya cika sai a canja shi. Mu manoma mun san wannan darasi a ɗakin girki. Murhu ɗaya ne, amma matar da ɗakinta ke da taga ba ta tari kamar wadda nata ya ke a toshe.

Kada kowa ya ruɗe da sanyin ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango tana juya iskar da ke ciki ne kawai, ba ta kawo sabuwa. Ɗaki mai sanyi, a rufe ruf, yana iya fin mai zafi tara iskar magani. Hanci kuma ba ma'auni ba ne. Kafin mutum ya ji ƙanshin halotan, ya riga ya wuce iyakar nan da nisa, iskar dariya kuwa kusan ba ta da ƙanshi.

Lokacin da iskar ta fi zurara shi ne sa'ad da a ke sa yaro barci da abin rufe hanci yana fizge-fizge, da sa'ad da a ke zuba maganin a cikin injin, da kuma ɗakin farfaɗowa inda marar lafiya ke fitar da sauran iskar a fuskar mai jinyarsa. Nas mai ciki ta roƙa a ɗauke mata zuba magani, ta kuma ja baya a lokacin sa yaro barci. Abin da zai kwantar wa dattijuwarmu rai shi ne, yawancin aikin fitar da jariri a yau da allurar ƙashin baya a ke yinsa, mace tana farke, ba iska ko kaɗan. Haka ma aikin da a ke yi da allurar ketamin. In aka sa nas mai ciki a irin waɗannan ayyuka, an rage mata rabin damuwa.

Jini da allura

A ganinmu wannan ya fi iskar hatsari, ko da ya ke ba shi da wari. A ɗakin tiyata allura da wuƙa suna yawo daga hannu zuwa hannu, jike da jinin mutumin da ba a san abin da ke jikinsa ba. Idan allurar da aka yi wa mai ƙanjamau ta soki ma'aikaci, wajen mutum 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. Idan ta mai ciwon hanta nau'in B ce, kuma cutar tana da ƙarfi a jikinsa, abin yana iya kai mutum 30 cikin 100. Jama'a sun fi tsoron na farko, amma na biyun ya fi saurin kamawa nesa ba kusa ba, kuma uwa tana ba jaririnta shi wajen haihuwa.

Ciwon hanta nau'in B yana da rigakafi, allura uku cikin wata shida, kuma ba ta cutar da mai ciki. Sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin jarirai a Nijeriya. Wato yawancin 'ya'yanmu da ke aiki yanzu an haife su kafin wannan, ba su same ta suna jarirai ba. Duk mai 'ya nas ya tambaye ta yau: kin yi ukun nan cif? Jaririn ma, kowane jariri, a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa.

In allura ta soke ta, ta wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ta matse, kada ta tsotsa, ta kuma faɗa wa shugabarta nan take. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da a ke sha kwana 28. Dole a fara shi cikin awa 72, gara ma cikin awowin farko, kuma mai ciki tana iya shansa. Abin da ke kashe mutane a nan shi ne shiru. Wata ta ga ɗan ƙwarzane ne, wata tana tsoron a ce ta yi sakaci, har kwana ukun su wuce. Sauran dabarun sanannu ne ga masu aikin: safar hannu biyu-biyu, tabarau da takunkumi saboda fantsamar jini, kada a mayar wa allura murfinta da hannu biyu, a miƙa wuƙa a cikin faranti maimakon hannu da hannu.

Sai zazzaɓin Lassa, wanda ya haɗa ɗakin tiyata da rumbunmu. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa, can gabas, kuma ma'aikatan jinya na asibitocin mishan ne suka fara nuna ta ga duniya da rayukansu. Laura Wine ta kamu a Lassa, aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Lily Pinneo ta kamu, aka kai ta Amurka, ta warke. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke hannu tana binciken gawa a Jos, ta rasu. Shekara 50 bayan haka, a Janairu 2020, likitoci biyu sun rasu a Kano bayan aikin fitar da jariri da aka yi wa wata mata da ba a san tana ɗauke da cutar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan cutar ta kama mace a watanni uku na ƙarshen ciki, fiye da 80 cikin 100 a kan rasa jaririn, ko uwar, ko duka biyu. Saboda haka doka ɗaya ce ba ta da sassauci: mai ciki kada ta shiga aikin wanda a ke zaton yana da Lassa, wato mai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, musamman da rani, balle in jini yana fita. Ɓera ne ke kawo cutar da fitsarinsa da kashinsa. Mu da ke shanya shinkafa a gefen titi, mu bar tukunya a buɗe da dare, muna da hannu a abin da ke isa gadon tiyata.

Haka kuma ta guji mai ƙarambau in ita ba ta taɓa yi ba, da mai ƙuraje irin na ƙyanda, gama akwai wata mai kama da ƙyanda, rubela, wadda ba ta wahal da babba amma tana makantar da jariri ko ta kurmantar da shi a ciki. Rigakafinta ba a yi wa mai ciki, sai kafin ciki ko bayan haihuwa.

Hoton ƙashi da sauran magunguna

Wannan shi ne wanda tsoronsa ya fi shi girma. A aikin karaya a kan shigo da injin ɗaukar hoto cikin ɗakin. Ƙa'idar duniya ita ce, daga ranar da ma'aikaciya ta sanar da ciki har haihuwa, abin da zai kai ga jaririn kada ya wuce ma'auni 1 na milisibat, wanda bai kai abin da kowannenmu ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara ba. Nas da ke sa rigar dalma, tana kuma ja da baya, da wuya ta kai wannan. Nisa shi ne babban magani: in ka ninka nisanka da injin sau biyu, abin da ke isa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In da hali ta fita ɗakin a lokacin ɗauka, ta fita. Rigar dalma tana da nauyi, a ƙarshen ciki tana wahal da baya, kuma in an saba ninke ta tana tsagewa a ciki ba a gani.

Fomalin da a ke ajiye nama a ciki, da ruwan jiƙa kayan aiki mai yaji a ido, a riƙa rufe su, a zuba su inda iska ke ratsawa, da safar hannu. Hayaƙin injin ƙona jijiya kuma a zuƙe shi, kada a tsaya a kansa.

Tsayuwa, zafi da dare

Wannan ɓangaren matan fadama sun san shi ba sai an gaya musu ba. Aiki ɗaya yana iya kai awa huɗu ko biyar, nas tana tsaye wuri ɗaya, cikin riga mai kauri, ba ruwa, ba fita. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi ya kan wuce 40, in wuta ta ɗauke kuma janareto ya ƙi tashi, ɗakin ya zama tanda. Jini ya kan taru a ƙafa, jiri ya ɗebe ta. Ta ci abinci ta sha ruwa kafin ta wanke hannu, a ajiye mata kujera mai tsawo, ta riƙa motsa ƙafafu, a kuma shirya wadda za ta karɓe ta in aikin ya yi tsawo. In ta ji jiri ta faɗa tun da wuri. Gara ta zauna da ta faɗi a kan kayan da aka dafa. Ɗaga marar lafiya daga gado zuwa keke ba nata ba ne yanzu, gama ciki yana sassauta gaɓoɓin ƙugu da na baya.

Game da aikin dare, an yi bincike a ƙasar Denmak da aka buga a 2019, a kan mata fiye da 22,000, yawancinsu ma'aikatan asibiti. Waɗanda suka yi dare biyu ko fiye a mako ɗaya, hatsarin ɓari ya ƙaru musu da wajen kashi ɗaya cikin uku a makon da ya biyo. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana sa mata aikin dare a masana'antu, amma ta cire nas-nas daga wannan hani. Wato doka ba za ta ɗauke mata dare ba, sai dai fahimtar shugabarta da takardar likita. Abin da dokar ta ba ta shi ne hutu mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aiki a wurin, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Ba a kuma korar ta saboda wannan hutun. Ma'aikatan gwamnatin tarayya hutunsu ya fi wannan tsawo. Wadda ke asibitin kuɗi ta karanta takardar ɗaukarta da kyau.

Kunya

Yanzu mun zo ga abin da ya fi mana nauyin faɗa, gama ya shafi al'adarmu. Duk dabarun nan ba ɗaya da zai yiwu sai shugabar ɗakin ta san akwai ciki. Mu kuwa mun tashi mun tarar ba a faɗin ciki, balle na fari, sai ya fito ya faɗi kansa. Wata kunya ce, wata tsoron baki, wata kuma tsoron kada a faɗa ya zube a sha kunya biyu. Amma zuciyar jariri da ƙwaƙwalwarsa da gaɓoɓinsa duk cikin watanni ukun farko su ke haɗuwa, daidai lokacin da a ke ɓoyewa. Kafin zane ya ɗaga, kwanakin da kariya ta fi amfani sun wuce.

Ba mu ce a yi shela a kasuwa ba. Mutum ɗaya ya isa: babbar sista mai tsara aiki, a asirce, da zarar gwaji ya nuna. Ita ce za ta san yadda za ta juya jadawali ba tare da kowa ya gane dalili ba. Kuma nas ta je awon ciki kamar kowace mace. Mun lura masu aikin asibiti su ne na ƙarshe wajen kai kansu awo, suna cewa ai sun san kome. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce zuwa takwas. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna jiharmu ce a gaba, yara 49 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu. A irin wannan wuri, sauron fadamar Rima yana iya zubar da cikin da halotan bai taɓa ba. Gidan sauro kowane dare, maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata daga wata na huɗu, ƙwayar ƙarin jini, da allurar sandarewar wuya, duk nata ne ita ma.

Game da cikin da ya zube bara, ba wanda zai iya rantsuwa cewa aikin ne ya jawo. Fiye da ciki ɗaya cikin goma yana zubewa da kansa a watannin farko, har ga matar da ba ta taɓa taka asibiti ba, yawanci domin tun farko bai haɗu daidai ba. Kada a ɗora mata laifi. Amma wadda ta taɓa ɓari, ko mai hawan jini, ko mai tagwaye, likitanta yana iya rubuta a mayar da ita sashen da ya fi sauƙi, kuma wannan ba ragwanci ba ne.

Da muka koma wa dattijuwar da wannan bayani a taro na gaba, wani ɗan'uwa daga Argungu ya ce, "Mama, ke kina jin warin maganin asibiti a rigar surukarki, ni kuwa tawa surukar ce ke wanke mini kayan feshi." Kowa ya yi shiru. Gaskiya ya faɗa. Mai ciki kada ta haɗa maganin feshi, kada ta fesa, kada ta wanke tankin ko tufafin mai feshi, kada ta shiga gona ranar da aka fesa, kada kuma ta kwana a ɗakin da aka sa wa hatsi ƙwayar kashe ƙwari. Galan ɗin magani ba na ɗiban ruwa ba ne, ko an wanke shi sau goma.

Ko nas ce ko mai dashen shinkafa, in an ga jini, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin ido, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi, ko jariri ya daina motsi, a tafi asibiti a wannan sa'a, ba a jiran gari ya waye ko maigida ya dawo daga fadama. Ƙungiyarmu ta Badariya ta amince a ware kuɗin buhun shinkafa biyu a hannun ma'aji domin mota da jini a irin wannan dare, a biya bayan girbi. Dattijuwar kuwa ta karɓi girkin dare da ɗiban ruwa daga hannun surukarta, ta kuma ce ranar Litinin da kanta za ta raka ta wurin babbar sista.